Harajin da Baba Rasit Ya Biya

Ranar da kuɗin fansho ya shigo, Manaja ya tsaya a ƙofar ɗakin mahaifinsa bai zauna ba. Ya miƙa kuɗin a ninke, idonsa yana kan wayarsa.

"Baba, wannan watan sun cire haraji."

Tsohon ya kawo kuɗin kusa da idonsa na hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa, ya ƙirga sau biyu. Kashi ɗaya cikin biyar ya tafi. Bai yi tsaki ba. Makonni ke nan rediyo tana maganar sabuwar doka, cewa za a fara cire haraji daga fanshon waɗanda abin da suke karɓa ya wuce wani ƙa'idajjen adadi.

"To, dokar ta iso," in ji shi. "Ina rasit?"

Manaja ya ɗago kai. "Rasit kuma, Baba? Ai daga can sama suke cirewa."

"Ko daga sama ta bakwai suke cirewa, gwamnati ba ta karɓar kuɗin mutum ba takarda. Je ka karɓo min."

Shekara talatin da biyar tsohon ya yi a ofishin haraji, kuma ko allura ya saya sai ya nemi shaidar biya. Daga nan unguwa ta laƙaba masa Baba Rasit. Da idonsa na dama ya mutu, ya daina iya ganin lambobin injin banki, sai ya damƙa katin da lambar sirri a hannun babban ɗansa. Shi kuwa ɗan yana da shagon buga takardu a bakin titi, da kwamfuta biyu da injin kwafi, shi ya sa ake ce masa Manaja.

Washegari ya kawo rasit. Fara ce ƙal, da babban kan rubutu da zagayayyen hatimi. Baba ya shafa ta, ya shinshina.

"Ba ƙanshin tawada."

"Zamani ne, Baba. Kwamfuta ke buga hatimin yanzu."

Baba ya gyaɗa kai. Ya ɗauko sabon fayil daga akwatinsa, ya huda takardar da tsohon abin hudarsa na ƙarfe, ya zura mata igiya, ya ɗaure.

Da hantsi yakan fito ya zauna a benci gaban shagon tela, inda tsofaffin ma'aikata ke haɗuwa. A nan ya ba da labari. Direba, wanda ya tuƙa motar ofishinsu shekara ashirin, ya ce shi ba a taɓa masa ko sisi ba.

"Kai a wane mataki ka yi ritaya?" in ji Baba. "Dokar ta ce manya."

"Allah ya huci zuciyar yallaɓai," Direba ya ce, ya cire hula ya rusuna. "Ashe har a talauci akwai manya. To a gaishe da manya, mu ƙanana mun ci riba."

Aka yi dariya, har da Baba. Abin takaicin ke nan. Ya ji daɗin maganar. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gaya wa 'yan kasuwa cewa haraji ne ke gina asibiti, yau ga shi an saka shi cikin masu biya. Ya koma gida yana jin kansa ɗan ƙasa na gari.

Likitan ido ya yi masa magana ba ɓoye-ɓoye tun bara. Ciwon hawan jinin ido ne. Na dama ya tafi, ba zai dawo ba. Na hagu za a iya riƙe shi, amma sai da kwalba biyu na maganin ɗigawa, safe da yamma, ba fashi. "Malam, wannan ciwon ba ya zafi, shi ya sa yake cin mutane," likitan ya ce. "Abin da ya ci kuma ya ci."

Baba yana da ambulan huɗu da yake raba fanshonsa a ciki kowane wata. Na cefane, wanda yake miƙa wa Inna matarsa, kuma daga tukunyar nan Manaja da matarsa da 'ya'yansu uku suke ci, don a gidan suke zaune. Na wuta da ruwa. Na ko-ta-kwana. Na magani shi ne na ƙarshe. Da kuɗin ya ragu, bai taɓa na cefane ba. Ya fara kwashe na ko-ta-kwana. A wata na uku Manaja ya ce an ƙara harajin, ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. A na biyar ya ce an shigo da wani na bunƙasa ƙasa, kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Kowane wata da rasit ɗinsa, kowane rasit Baba ya huda ya ɗaure.

Ya fara da barin ɗigawar yamma. Daga baya ya daina sayen kwalba mai tsadar, ya riƙe mai arahar. Daga baya ita ma ya koma yau ya ɗiga, gobe ya huta. Yakan ɗaga kwalbar saitin taga ya girgiza ta, ya auna kwana nawa za ta kai.

Duniya ta fara tsukewa a idonsa kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ke gabansa yana gani, na gefe babu. Ya yi karo da bokiti a tsakar gida. Ya taka abin wasan jikarsa, matar Manaja ta ce a ƙasa-ƙasa, "Tsufa dai." Wata safiya ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, ya ture shi, ruwan zafi ya zube masa a cinya. Inna ta goge tabarma, ta kawo wani kofin.

Inna ta sani. Tun wata na biyu ta sani, ranar da ta je shagon ɗanta karɓar kuɗin gawayi, ta ga takardar nan mai zagayayyen hatimi tana fitowa daga injinsa. Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta shekara arba'in tana share ɗakin mutumin da ke tara rasit.

A wata na shida Auta ta zo wuni. Ita ce ƙaramar 'yarsu, malamar makarantar firamare, tana aure a ɗaya gefen garin. Ta tarar da Baba a baranda, fayil a cinya, ya buɗe tsohuwar rajistarsa.

"Yauwa, Allah ya kawo ki. A ofis duk rabin shekara ake bin fayil. Ƙananan lambobin nan sun fi ƙarfina. Karanto min lambar kowane rasit, tana can sama ta hannun dama."

Auta ta buɗe na farko. "Sifili, huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai."

Ya rubuta da manyan lambobi, hancinsa kusan yana taɓa takarda. "Na biyu."

Ta juya. Sifili, huɗu, huɗu, ɗaya, bakwai. Ta juya na uku. Haka. Ta bi su har na shida da yatsa, lamba ɗaya ce ba ta canza ba. Ta ɗago kai. Inna tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu, tana girgiza mata kai a hankali. Tana tsaye ne daidai gefen da mijinta ya daina gani.

"Ke nake jira," in ji Baba.

Auta ta mayar da ido kan takardar. "Sifili, huɗu, huɗu, ɗaya... takwas."

"Na uku."

"Ɗaya, tara."

Haka ta yi ta ƙara ɗaya har suka ƙare. Baba ya ajiye biro.

"Sha bakwai, sha takwas, sha tara, ashirin," ya ce a hankali. "Wata shida, rasit shida a jere. Wato duk faɗin ƙasar nan, tsakanin biyana da biyana, ba wanda ya biya haraji sai ni?"

Auta ta sunkuyar da kai. Ta jira ya kira sunan yayanta.

"Akwai ɓarawo a ofishin nan," in ji Baba. "Wani ya buga littafin rasit nasa na kansa yana cutar tsofaffi. Na kama irinsu uku a zamanina. Kuma ya raina min yaro, ya ga bai san aikin ba, yana miƙa masa takardar banza. Sai na je."

Shekara talatin da biyar yana neman ɓarayi a bayan tebur, a cikin durowa, a tsakanin shafukan littafi. Bai taɓa koyon neman su a tsakar gidansa ba.

Auta ta bi Inna kicin ta turo ƙofa.

"Inna, kin sani?"

"Rage murya."

"Kin san Yaya ke buga takardun nan, kika yi shiru? Kin ga kwalbar maganinsa kuwa? Kin ga yadda yake lalube?"

"To me kike so in yi? In je in ce masa ɗanka na fari ɓarawo ne? Zuciyarsa ta buga ya faɗi, ki zo ki ɗauke shi? Kuɗin nan ba waje yake kai su ba. Yara uku a makarantar kuɗi. Jikokinsa ne fa."

"Idonsa fa?"

"Ido na Allah ne. Na daman ma da ya tafi, ba yana shan maganin ba?"

"Ba sha ake yi ba, Inna, ɗigawa ake yi, kuma na daman ya tafi ne kafin a gano ciwon!"

"To malama, kin fi ni ilimi. Amma ke ma ai yanzu kika karanta masa abin da ba shi ne a rubuce ba."

Auta ta juya ta fita daga kicin. Ta ɗauki jakarta ta nufi shagon Manaja. Ta same shi yana buga wa wani katin gayyata, sabon inji mai launi yana ta huci a kusurwa. Ta jira mutumin ya fita.

"Yaya, ko lambar ma ba ka iya canzawa ba?"

Bai yi musu ba. Ya jawo mata kujera, ta ƙi zama.

"Zauna mana, 'yar sanda. Wa ke kai shi asibiti? Wa ke bin layin banki tun safe? Wa ya gyara rufin ɗakinsa da damina? Ke kina zuwa sau biyu a wata da ledar lemo, ki yi Baba sannu, Baba ya jiki, ki koma gidan mijinki. Ni nake ɗauke da gidan nan."

"Shi ke ciyar da kai da matarka."

"Injin nan da kike gani, in ya fara kawo kuɗi, wa zai ci? Ba shi ba? Juyawa nake yi. Wata uku kawai, in mayar masa har da riba, in kai shi babban asibiti a duba idon da kyau. Ke kin san Baba, da na ce ya ba ni, sai ya ce in rubuto takardar neman izini kwafi uku."

"Ya daina ɗiga maganin, Yaya."

"Ni ban ce ya daina ba. Wa ya hana shi ragewa daga cefane? Taurin kansa ne." Ya juya ga kwamfutarsa. "In kin ga dama je ki faɗa masa. Amma duk abin da ya same shi, ke ce."

Auta ta biya kantin magani. Kwalba mai tsadar ta kai rabin albashinta. Ta tsaya tana kallonta, sannan ta sayi mai arahar guda ɗaya, ta kai wa Baba, ya yi ta sa mata albarka. Ta koma gida da albarkar, ta gaya wa kanta cewa ta yi iya ƙoƙarinta. Kwalbar ta yi mako uku.

Daga ranar Baba bai da magana sai ta zuwa ofis. Daga ranar kuma gidan ya haɗa kai, ba tare da an zauna an shirya ba. Manaja ya ce babur ɗinsa yana wurin gyara. Mako na gaba ya ce ma'aikata suna yajin aiki. Na gaba ya ce ya je da kansa, shugaban ya yi tafiya. Inna ta jiƙa babbar rigarsa ranar da ya ce zai fita, ta ce ta manta. Matar Manaja ta ce rana ta yi zafi, Baba ya bari sai ta yi sanyi, ranar kuwa ba ta taɓa yin sanyin ba. Ranar komawarsa wurin likita ta zo ta wuce, don mai kai shi yana tsoron kada likita ya tambayi kwalabe.

A wata na bakwai Manaja ya kawo rasit mai sabuwar lamba. Ya koyi darasi. Kuɗin dai bai ƙaru ba.

Bututun da Baba ke leƙen duniya ta cikinsa ya koma kamar ramin allura. Ya daina fita benci, don ya faɗa kwata sau ɗaya a gaban yara. Yakan zauna a baranda da fayil a cinya, yana jin motsin gida yana kewaye shi. In ya ji takun ɗansa sai ya ce, "Manaja, yaushe za mu je? Ba don ni kaɗai ba. Akwai tsofaffin da ba su san rasit ba, su wa zai tsaya musu?" Manaja ya ce, "In sha Allahu jibi, Baba," ya wuce ɗakinsa.

Direba ne ya gaji da ganin gurbinsa a benci. Ya zo wata safiya bayan Manaja ya tafi shago, ya yi sallama.

"Yallaɓai, an ce manya sun daina zama da ƙanana."

"Direba, har yanzu ka san hanyar ofis?"

"Ko a makance." Ya kama bakinsa. "Yi haƙuri, yallaɓai."

"Ba komai. Ni ne a makancen, kai ka ja."

Inna ta fito da sauri tana goge hannu. "Malam, ba ka karya ba. Rigar ma ba a goge ba. Ka bari yaron ya dawo mana."

"Na bari wata biyu," in ji shi. Ya saka rigar a yamutse, ya rungume fayil, ya ɗora hannu a kafaɗar Direba.

Motar haya biyu suka hau. A ofishin an canza komai, an sa gilashi inda dā katako ne, an sa injin ba da lambar layi. Baba bai ga ko ɗaya ba. Ya dai ƙirga matakalar bene, goma sha tara, kamar yadda ya bar su. Wani matashi a teburin farko ya ce su zauna su jira. Suna zaune wata mata ta fito daga ofishin ciki, ta wuce, ta dawo da baya.

"Malam? Malam, kai ne?"

Ya gane muryar. Yarinyar da aka kawo masa tana sabuwar ɗauka, wadda ya sa ta sake rubuta shafi guda sau huɗu saboda ta goge lamba ɗaya. Yanzu ita ce shugabar sashen. Ta durƙusa ta gaishe shi a gaban ma'aikatanta, ta kama hannunsa ta shigar da shi, ta sa aka kawo ruwa.

"Ba gaisuwa ta kawo ni ba," in ji Baba. Ya ɗora fayil a teburinta. "Akwai ɓarawo a ƙarƙashinki. Duba lambobin nan."

Ta kwance igiyar. Ya ji tana juya takardun, da sauri da farko, sannan a hankali. Ta nemi lambar fanshonsa, ya faɗa mata da ka. Ya ji ƙarar maɓallan kwamfuta.

"Malam, fanshonka bai kai inda dokar ta fara ba. Ko kusa bai kai ba. Ba a taɓa cire maka komai ba. Kuɗinka cikakku suke shiga banki kowane wata."

"Sake dubawa."

"Na duba sau biyu, kamar yadda ka koya min. Kuma wannan ba takardarmu ba ce. Mu ba ma ba da rasit a kan fansho. Shida na farko ma lamba ɗaya ce a kansu."

"A jere suke. Sha bakwai, sha takwas..."

"Duk sha bakwai ne, Malam. Wa ya karanta maka?"

Direba ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Wa ke riƙe da katinka?" ta tambaya a hankali. "Wa ke kawo maka takardun nan? Buga hatimin gwamnati na jabu babban laifi ne, kai ka fi ni sani. Dole in rubuta rahoto in miƙa. Faɗa min sunan kawai."

"Ni na kawo su. Ni za ki rubuta."

"Malam, ba ka ganin takardar da ke gabanka. Kai ka ce min kada in taɓa rubuta abin da na san ba haka yake ba."

"Na ce." Da ya sake magana, muryar ba irin wadda ta sani ba ce. "To ba ni fayil ɗina. Ki ɗauka ban zo ba."

Ta dube shi. Wannan mutumin ya taɓa kai ƙarar ɗan ƙanwar shugabansu a kan rasit guda, aka hana shi ƙarin girma shekara shida bai janye ba. Yau yana zaune a gabanta da riga a yamutse yana roƙon ta kau da kai.

"Don Allah, 'yata," in ji shi.

Ta ɗaure igiyar, ta sa fayil ɗin a hannunsa. Ta rako su har matakala.

A mota Direba ya yi ƙoƙarin yin wasa. "Ashe yallaɓai, kai ma cikin ƙanana kake." Baba ya ƙara rungume fayil, Direba bai sake ba.

Kafin su iso, Inna ta riga ta kira Manaja, ta kira Auta. Suka tarar da su duka a tsakar gida, kowa da jawabinsa a baki. Manaja ya durƙusa ya fara: injin, makarantar yara, wata uku kawai. Inna ta ce ita tsoron zuciyarsa take ji. Auta tana kuka ta ce ba ta san yadda za ta faɗa ba. Baba ya tsaya riƙe da kafaɗar Direba yana juya kai daga murya zuwa murya.

"Wa ke tsaye a gabana?" ya tambaya.

Manaja ne, taku biyu tsakaninsu, da rana tsaka.

Manaja ya miƙe ya fita a guje. Babur ɗin da ya yi wata biyu a wurin gyara ya tashi da bugu ɗaya. Cikin minti goma sha biyar ya dawo da leda, kwalba shida, uku masu tsada, uku masu araha. Minti goma sha biyar. Kantin maganin yana nan a ƙarshen layinsu duk watannin nan, bai matsa ko taku ɗaya ba.

Washegari suka kai shi wurin likita, su huɗu, har da matar Manaja. Likitan ya haska fitila a idon, ya sake haskawa, ya kashe.

"Malam, ka ga haske?"

"A'a."

Likitan ya juya ga iyalin. "Yaushe ya daina ɗigawa?"

Kowa ya kau da kai.

"Ku ci gaba da sa masa don kada idon ya yi ciwo," in ji likitan. "Amma gani ya tafi. Na gaya masa tun bara."

Da suka dawo gida Baba ya ce a zaunar da shi a baranda, a miƙo masa fayil da abin huda. Inna ta jera kwalaben shida a kan taga, inda dā yake ɗaga guda ɗaya ya auna kwanakinta.

"Manaja."

"Na'am, Baba."

"Maganin nan da ka saya. Ina rasit?"

Manaja ya laluba aljihu, ya ciro 'yar takardar kantin magani a cukurkuɗe, ya sa a tafin mahaifinsa. Tsohon ya warware ta a kan gwiwarsa, ya shafa, ya kai hanci. Mai kantin da hannu ya rubuta, ya buga hatimi da tawada.

"Wannan ta gaske ce," in ji shi.

Ya lalubi gefenta, ya huda, ya zura igiya, ya ɗaure ta a kan sauran bakwai.

Ba a kama kowa ba. Katin yana nan a aljihun Manaja, don makaho ba ya bin layin banki, kuma ba wanda ya ce a ba Auta, ita ma ba ta nema ba. Maƙwabta suna shigowa jaje, suna cewa ƙaddara ce, suna yaba wa Manaja yadda yake riƙe hannun mahaifinsa zuwa banɗaki. Inna tana amsawa da amin. A benci gaban shagon tela har yau ana zagin gwamnati a kan harajin fansho, ana kawo misali da Baba Rasit, wai haraji ne ya hana shi sayen magani har ya makance. Direba yana jin su, yana murza hula, don an roƙe shi ya rufa asiri.

Mun iya zagin ɓarawon da ke ofis. Muna kiran rediyo a kansa, muna ɗaga murya, muna jin mun yi jarumta. Wanda ke karɓar nasa harajin a ƙofar ɗakin uba kuwa, shi sai mu ce ɗa ne, yana cikin matsi, kada a tona. Mutum uku ne suka san lambar da ke kan takardun nan, dukkansu masu ido biyu, dukkansu suna son tsohon. Kowannensu ya auna kunyar gida da idon Baba, ya ga kunyar ta fi nauyi.

Ƙarshen wata ya zo. Manaja ya tsaya a ƙofar ɗaki ya miƙa kuɗi, ya ce cikakku ne, Baba, ko sisi ban taɓa ba. Wataƙila gaskiya ya faɗa. Tsohon ya riƙe su a hannu, yana shafa su ɗaya bayan ɗaya, kuma ba shi da hanyar da zai sani.